Kafasita Ba Ta Tsalle: Darasi Kan Ƙarfin Wutar Farko

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu cajin waya a Lambara, ko Bodinga, ko Shagari, ya ga ana haɗa batirin sola da inbata, to ya san abin da ke faruwa. Da zarar wayar ƙarshe ta taɓa kan batir sai ka ji ƙara, tas, ka ga tartsatsi. Wasu sukan ce batirin ne ya yi ƙarfi, wasu kuma su ce inbatar ce ta lalace. Ko ɗaya ba haka ba ne. Mai wannan aiki wata 'yar na'ura ce a cikin inbatar, sunanta kafasita.

Mece ce kafasita?

Kafasita faranti biyu ne na ƙarfe da aka raba da wani abin da wuta ba ta ratsa shi. Aikinta ajiye cajin lantarki. Ta farko kwalba ce da ruwa a ciki, wadda von Kleist ya gwada a 1745, sannan Musschenbroek ya sake gano ta a garin Leiden na ƙasar Holan. Ana auna girmanta da farad, don tunawa da Michael Faraday na Ingila. Dokarta ita ce Q = CV, wato cajin da ke cikinta daidai yake da girmanta sau ƙarfin wutar da ke tsakanin farantanta.

Ku ɗauke ta kamar randa. Caji shi ne ruwa, ƙarfin wuta kuwa, wanda muke aunawa da bolt, shi ne inda ruwan ya tsaya a jikin randar. Komai gaggawar mai ɗebo ruwa, randa ba ta cika a ƙiftawar ido. Sai an yi ta zubawa guga bayan guga. Haka kafasita take. Kafin ƙarfin wutarta ya sauya, dole caji ya shiga ko ya fita, wannan kuwa yana cin lokaci.

Daga nan muka sami babbar ƙa'ida: ƙarfin wutar da kafasita take da shi dab da taɓa makunni, shi take da shi nan take bayan an taɓa. Shi ake kira ƙarfin wutar farko.

Yadda ake lissafi

Ga misali. An jera batir mai bolt 12, da makunni, da rizista biyu a layi ɗaya, ta farko om 2,000, ta biyu om 4,000. An haɗa kafasita mai maikrofarad 1,000 a bakunan rizista ta biyu. Makunni ya daɗe a kunne, sai aka kashe shi. Nawa ne ƙarfin wutar farko?

Mataki na ɗaya: a koma ga yadda da'irar take kafin a kashe. Tun da an daɗe da kunnawa, kafasita ta cika, ta daina jan wuta. Sai a yi kamar babu ita.

Mataki na biyu: a yi aiki da dokar Ohm. Bolt 12 a raba da om 6,000 ya ba mu amfiya 0.002. Amfiya 0.002 sau om 4,000 ya ba mu bolt 8. Wannan shi ne ƙarfin da ke kan rizista ta biyu, kuma shi ne na kafasita, domin bakunansu ɗaya ne.

Mataki na uku: a kashe makunni. Batir ya fita daga da'ira, amma kafasita tana nan da bolt 8. Amsa ke nan.

Daga nan cajin zai riƙa zurarewa ta rizista ta biyu. Om 4,000 sau farad 0.001 ya ba mu sakan 4. Bayan sakan 4 abin da zai rage kashi 37 cikin 100 ne, wato kusan bolt 3. Bayan sakan 20 kusan babu komai.

Kuskure biyu ɗalibai suka fi yi a jarrabawa. Wani ya rubuta 12 don ya ga batir. Wani ya rubuta sifiri don an ce an kashe makunni. Dukansu sun manta da tambayar da ta kamata: me ke cikin randar kafin a taɓa?

Mu koma rumfar caji

Kafasitar sabuwar inbata fanko take, ƙarfin wutarta na farko sifiri ne. Saboda haka a lokacin da aka haɗa, duk bolt 12 na batir kan waya kaɗai yake faɗawa. Idan tirjiyar wayar da ta cikin batir om 0.05 ce, wutar za ta kai amfiya 240 na ɗan ƙanƙanin lokaci. Tartsatsin ke nan. Yana cinye kan batir, kuma yana da haɗari, domin batirin ruwa yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta lokacin caji. Maganinsa shi ne a fara haɗawa ta cikin rizista ko ƙwan fitilar mota na 'yan sakanni, kafasita ta cika a hankali, sannan a ɗaura wayar.

Ɗaya gefen ƙa'idar ya fi wannan muni. Wutar gida bolt 230 ce, kuma babbar kafasitar da ke cikin talabijin tana iya cika har wajen bolt 325. Zare filogi ba ya kwashe wannan caji nan take. Saboda haka ɗalibin da ke zuwa koyon gyara lokacin hutu ya kiyaye: kada ya sa hannu sai an sauke cajin ta rizista, an kuma auna da mita. Rigakafi ya fi magani.

Aikin gida

A misalinmu na sama, a musanya wuraren rizistocin biyu, kafasita ta koma kan mai om 2,000. Nemo ƙarfin wutar farko, da yawan sakannin da zai ɗauka kafin ya ragu zuwa kashi 37 cikin 100.