Farfaɗiya tana da magani

A garuruwanmu idan mai farfaɗiya ya faɗi, sai kowa ya ja da baya, wai yawunsa yana harbin mutum. Wannan ba gaskiya ba ne. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukar ta daga wani. Sau da yawa tana biyo bayan doguwar naƙuda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko buguwa a kai.

Tun shekarar 1912 likitoci suka fara ba da maganin da muka sani da sunan Gardenal. A 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna aikin ƙwaƙwalwar mutum da na'ura. Da irin wannan na'ura ake binciken ciwon a yau. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata.

Idan mutum ya faɗi:
1. A nisanta shi da wuta da bakin rijiya.
2. A kwantar da shi a kan gefensa.
3. Kada a danne shi, kada a sa masa cokali a baki.
4. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a gaggauta kai shi likita.

Maganin kuwa kullum ake sha. Wanda ya bari da kansa don ya ji sauƙi, ciwon yana iya dawo masa da ƙarfi. Kada mu ɓoye ƴaƴanmu a ɗaki. Mu kai su likita, su koma makaranta.