ZANGO A BAYAN GARI DA YARA DA KARNUKA

Tun zamanin da Hausawa sun san zango. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su kan yi wata da watanni a hanya. Ko wace rana, in sun kai wurin da madugu ya zaɓa, sai a sauke kaya, a ɗaure jakai, a hura wuta, a kwana. Mafarauta ma haka su ke yi da karnukansu. Yanzu mota ta rage wa matafiya wahala, amma zango bai mutu ba. Malaman makaranta da shugabannin 'yan Sikawut su kan fita da yara bayan gari lokacin hutu, su kwana biyu ko uku a fili, inda babu famfo, babu lantarki, babu ɗaki sai tanti ko bukkar kara. Baturen da ya kafa Sikawut ma, watau Baden-Powell, da irin wannan zango ya fara, cikin shekarar 1907, a wani ɗan tsibiri na Ingila da a ke kira Brownsea, da yara wajen 20.

In za a yi irin wannan fita, da wuya a rasa yaron da zai ce a tafi da karen gidansu. Ba laifi ba ne, gama kare yana da amfani a zango. Yana jin motsin da mutum ba ya ji, yana kuma jin warin abin da ido bai gani ba. Amma wanda ya tafi da kare ya sani ya ƙara wa kansa yaro guda, mai ƙafa huɗu, wanda ba ya jin nasiha.

A ɗauka wani malami ne ya fita da yara goma da karnuka biyu, bayan an gama girbi, sa'ad da ruwa ya ɗauke, sauro ya ragu. Tun kafin ranar tafiya ya kan sami yardar iyayen yara, ya kuma bincika lafiyar wurin, domin a zamanin nan akwai dazuzzukan da ba a kwana cikinsu saboda 'yan fashi. Zangon yara kusa da ƙauye a ke yinsa, inda in an yi kira za a ji.

Babu fili marar mai shi. Wurin da baƙo ya ga kamar daji ne, sau da yawa saurar wani ce, ko makiyayar dabbobin gari, ko ma tsohuwar maƙabarta. Saboda haka malam ba ya kafa ko turke ɗaya sai ya je ya gai da mai unguwa. Ya kan ce, "Ranka ya daɗe, yaran makaranta na kawo, su goma, muna neman inda za mu kwana biyu. Muna kuwa tare da karnuka biyu."

Mai unguwa ya kan amsa, "Madalla, Malam, sannunku da zuwa. Ku sauka gabas da rijiya, amma ku yi nesa da burtali, shanu na bi da hantsi. Karnukan nan kuwa ku ɗaure su, akwai tumaki masu 'ya'ya."

Cikin 'yar maganar nan malam ya sami abin da yini guda na yawo ba zai nuna masa ba.

Sa'an nan a zaɓi wuri. A kan nemi ɗan tudu mai ƙasa busasshiya, nesa da suri da tarin duwatsu da ramuka, gama nan macizai da kunamu ke ɓuya. Yara su kan yi sha'awar cikin busasshen rafi don yashinsa na da laushi, amma ba a kwana nan. In da sauran damina, ruwan da aka yi can nesa ya kan taho da dare ya cika rafin, alhali ko ɗigo bai sauka a zango ba. In kuwa rani ne, to, hanyar dabbobi ce.

Inuwa ma ba duka ce ta zango ba. Giginya ba ta da wata inuwa, 'ya'yanta kuma in sun faɗo a kan mutum sai ya ji jiki. Kuka sau da yawa tana da kogo, cikin kogon kuwa a kan sami zuma ko maciji. Gawo itace ne mai ban mamaki, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, don haka inuwarsa na da daɗi daidai lokacin da a ke bukatarta. Sai dai awaki da shanu suna son 'ya'yansa ƙwarai, mai karnuka in ya sauka gindinsa ya sauka a mahaɗar dabbobi. Tsamiya da maɗaci sun fi. Ƙofar tanti kuwa a juya ta kudu ko yamma, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa.

Kafin a hura wuta sai a share ciyawa kamar taki uku ko ta ina, a kafa murhu na duwatsu uku a tsakiya. Da rani tartsatsi guda ya isa ya cinye karan gonar mutum da rumbunsa. Ba a barin wuta ba mai dubanta, ba a kuma kwanciya sai an kashe ta. Masai a haƙa shi can nesa, aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi, a kewaye da zana, ko wa ya shiga ya zuba ƙasa.

Ruwan sha na rijiya ne, a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti guda. Da can babban abin tsoro a ruwan tafki shi ne kurkunu. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi a Nijeriya da Nijar, amma tsargiya tana nan. Tsutsarta tana girma cikin 'yan ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, ta shiga jikin mai wanka ta fatarsa, bayan 'yan watanni yaro ya ga jini a fitsarinsa. Don haka ko zafi ya kai yaya, ba a iyo a kududdufi.

To, sai batun karnuka, wanda shi ne ya fi wuya. Da isa zango a kan kafa musu turke a inuwa, gefen da ba a dafa abinci, nesa da wurin salla, a ɗaure ko wanne da doguwar igiya. Yara su kan ji tausayi, su ce, "Malam, a sake su mana su ɗan sha iska." Malam mai hankali ba ya yarda sai yana tsaye. Karen da ya tashi a cikin gari bai saba da garke ba. In ya ga ɗan rago ya ruga, sai ya bi shi, ko da wasa ya ke yi. Tunkiya kuwa ba ta san wasa ba. Mai ciki in an kore ta da gudu ta kan yi ɓari, garke ya watse cikin daji, makiyayi ya yini yana nema. Wannan hasara ce ta gaske ga talaka, mai kare kuwa shi zai biya, bayan kunyar da zai sha gaban mai unguwa. Ba nan ƙasar kaɗai a ke wannan rigima ba. A Ingila, inda manoma da dama ke ba masu zango hayar wani gefe na gonarsu, tun 1953 aka kafa doka mai hukunta wanda karensa ya fatattaki dabbobin wani.

Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum. In zafi ya dame shi sai ya fito da harshe ya yi ta haki, ta haka ya ke sanyaya jikinsa. Saboda haka kaskonsa kada ya rabu da ruwa, in inuwa ta juya kuma a matsar da turkensa. Kaskon nan nasa ne shi kaɗai, ba ya lasar kwano ko ƙwaryar mutane. A naɗa yaro guda mai kula da ko wane kare. Da maraice ya duba tafin ƙafarsa ya cire ƙaya da ƙarangiya, ya duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu ko kaska ta kama. Kaska a hankali a ke cire ta, a kama daga kai a ja sak, kada a fasa ta da yatsa. In ya gama ya wanke hannu da sabulu. Saboda kaska da ƙuma ne ba a barin kare ya kwana cikin tanti, ko da ana sanyi. Tsohon buhu a bakin ƙofa ya ishe shi.

Da dare kare ke biyan ladan ɗawainiyarsa. Amma sai mutum ya san harshensa. Haushi na sama-sama, yana yi yana kwance, yawanci amsa ce ga karnukan ƙauye ko kukan dila. In kuwa ya miƙe tsaye, gashin bayansa ya tashi, yana gurnani yana duban wuri guda, to, akwai abu. A nan ba yaro ke fita ba. Malam ne ya kan fita, da takalmi a ƙafa, da tocila da sanda a hannu. Sau da yawa bushiya ce ko jakin wani da ya tsinke. Wani lokaci kuwa maciji ne, kasa ko kububuwa, wadda ƙanƙantarta ba ta hana ta kisa. Wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a kuma ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti maza. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara a kan maganin saran maciji. Da safe kuma ko wa ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa, domin kunama na son ɗumi.

Amma duk cikin haɗarin zango babu kamar haukan kare. Ƙamshin abinci ya kan jawo karnukan da ba a san masu su ba, yara kuwa ba sa ganin kwikwiyo su ƙyale. Ƙwayar wannan cuta a cikin yawun dabba ta ke. In kare mai ita ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi gyambonsa, sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci ta kan yi wata biyu ko uku kafin ta nuna kanta, har ciwon ya warke, a manta. Da zarar ta bayyana kuwa, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 10 da cutar ke kashewa wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Mahaukacin kare ba kullum ya ke zuwa da faɗa ba. Wani ya kan zo shiru, yana tangaɗi, baki a sake yana dalalar da yawu, sai ka ce abin tausayi.

Saboda haka malam ya kan tara yara tun daren farko ya ce, "Ku saurara, yara. Karen da ba namu ba, ko wa ya gan shi kada ya taɓa, kada ya jefe shi, kada ya ruga. Ya tsaya cik, ya kira ni. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da namu ne, ko da ƙwarzane ne kawai, ya faɗa mini nan take. Ba zan doke shi ba." Wannan alkawari na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, gama yaro ya kan ɓoye cizo don tsoron faɗa.

In an yi cizo, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15, sa'an nan a kai yaron asibiti a ranar, a fara masa allura. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur shi ya fara gwada irin wannan allura a kan mutum cikin 1885, a jikin wani yaro ɗan shekara 9 wanda mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu. Su karnuka ma suna da tasu allurar rigakafi, ana yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, a kuma riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya faɗa. Karen da ba shi da takardar wannan allura a gida a ke barinsa, ko da mai shi zai yi kuka.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ran tashi, tun da sassafe a kan naɗe tanti, a cike masai da ƙasa, a binne kashin karnuka, a tsince leda da gwangwani a zuba cikin buhu, domin akuya in ta haɗiye leda tana iya mutuwa. A kwara wa murhu ruwa, a motsa tokar da sanda, malam ya sa hannu kusa ya ji ko da sauran zafi. A tumɓuke turaku, a ƙidaya yara, a ƙidaya karnuka. Sa'an nan a bi ta ƙofar mai unguwa, ko wane kare da igiyarsa a hannun mai kula da shi, a yi masa godiya da ban kwana.