Tumati iri uku a garka guda

Duk shekara abu guda ne ke faruwa. A watan Fabrairu da Maris tumati ya cika kasuwa, daga Jiratawa har Dogarawa. Kwando ya faɗi, wani ma ya ruɓe kafin a sami mai saye. Da damina ta kama, tumati ya ɓace. Uwargida ta koma ga na gwangwani da kauɗa, mai tsada. Abin da ke kawo haka shi ne kowa iri guda yake shukawa, kuma a lokaci guda.

Tumati ba iri ɗaya ba ne. Kowane iri da halinsa. Mai garka a bayan gida, ko da fangali shida gare shi, yana iya raba su gida uku.

Roma

Roma shi ne dogon nan mai kama da ƙwai. Yana da tsoka, ruwansa kaɗan ne, fatarsa da ƙarfi. Yana jure tafiya cikin kwando, kuma shi ya fi kyau wajen yin kauɗa. A bisa takardarsa ana rubuta Roma VF. Baƙaƙen nan biyu suna nufin yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa tumati ya yi yaushi. Amma Roma ɗan sanyi ne. Ana zuba irinsa daga Oktoba zuwa Disamba. Ƴaƴansa kusan tare suke nuna, cikin ƴan makwanni. Wanda ya cika garkarsa da Roma kaɗai, to ya shirya wuƙa da tabarmar shanya.

Marmande

Wannan babba ne, mai faɗi, mai tsaga-tsaga a jiki. Sunan wani gari ne na Faransa. Yana da daɗi a ci ɗanye da salati, mutanen birni suna son shi. Shi ma na sanyi ne. Sai dai taushi gare shi, ba ya son a danne shi. Fangali ɗaya ya isa, sai fa in garka tana kusa da gari. Ana kafa masa sanda a ɗaure, don nauyin ƴaƴa kada ya kwantar da shi.

Masu jure zafi

Nan ne riba take. In zafin bazara ya yi tsanani, furen Roma da na Marmande zubewa yake, ba ya ɗaura ƴaƴa. Ganye ya yi kore shar, amma babu komi. Akwai irin da aka zaɓa domin zafi da damina. Ɗaya shi ne Icrixina, wanda masu bincike na ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka fitar. Ƴaƴansa ba su da girma, amma suna zuwa lokacin da kasuwa ba ta da tumati. Akwai kuma Mongal F1, mai jure cutar yaushi da tsutsar saiwa. Na damina ana dasa shi bisa kunya mai tudu, don tumati ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi.

A lura da alamar F1 bisa takarda. Iri mai F1 haɗi ne na iyaye biyu. Shekarar farko yana bada amfani sosai. In aka ɗebi iri daga ƴaƴansa aka shuka, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba: wani babba, wani ƙarami, wani ba komi. Shi kam sai a sayi sabo duk shekara. Roma da Marmande da Icrixina ana iya aje irinsu. A zaɓi ƴaƴa nunannu daga itace mai lafiya. A matse su cikin ƙwarya, a bari kwana 2 ko 3, a wanke, a shanya a inuwa. A rubuta sunan kowane iri bisa ƙunshinsa. Ga amfanin yaƙi da jahilci.

Reno da dashe

Aikin duka iri ɗaya ne. A zuba iri a fangalin reno mai ruɓaɓɓen taki, layi-layi, a rufe da ƴar ƙasa da ciyawa. Da ya tsiro a ɗauke ciyawar. Bayan kwana 25 zuwa 30, in ya yi kunne 4 ko 5, a dasa da marece. Tsakanin layi da layi santimita 60, tsakanin gindi da gindi santimita 40 zuwa 50. Wajen wata biyu da rabi bayan dashe ake fara tsinka. Kada a zuba iri duka rana guda. A raba shi, a bar sati uku tsakani, sai tsinka ta daɗe.

Ban ruwa ya zama kullum daidai, a gindi, ba bisa ganye ba. In aka bar shi ya sha ƙishirwa sannan aka cika masa ruwa, ƙasan ƴaƴa sai ya yi baƙi ya ruɓe. Roma ya fi saurin yin haka.

Kada a dasa tumati inda aka cire tumati, ko tonka, ko tattasai, ko yalo. Danginsu ɗaya, ciwonsu ɗaya. A sa shi bayan albasa ko masara.

Ƙwari

Ƙaramin farin ƙuda da ke ɓoye ƙarƙashin ganye shi ke kawo ciwon da ke naɗe kunnuwan tumati. Itacen da ya kamu ba ya warkewa, a tuge shi. Akwai kuma tsutsar da ake kira Tuta, mai shiga cikin ganye da ƴaƴa. A shekarar 2016 ta cinye gonakin tumati masu yawa a Kano da Kaduna. A duba garka kowace safiya, a tsinke ganyen da ta shiga a binne. Ƴaƴan bedi suna taimakawa: a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece sau ɗaya a sati. Maganin kanti kuwa, kada a taɓa shi sai an tambayi malamin gona.