Yadda Ake Feshin Maganin Ciyawa Mai Zaɓe

Maganin ciyawa mai zaɓe shi ne wanda ake fesa wa shuka da ciyawa gaba ɗaya, ciyawar ta mutu, shukar ta tsira. Da wannan ya bambanta da gilaifoset da farakwat, waɗanda duk ganyen da suka taɓa sai ya ƙone, shi ya sa ake share gona da su kafin shuka. A ƙasar Kontagora, inda masara da dawa da shinkafar fadama suka cika gonaki, kuma 'yan ƙwadago ke tsada a lokacin noman farko, mai zaɓe ya zama abokin fartanya. Ana kuma amfani da shi a filayen ƙwallo na makarantu da harabar ofisoshi, inda ake son ƙiri-ƙiri ya shimfiɗu ba tare da tsidau da kashin yawo ba.

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne 2,4-D, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1940 bayan binciken da aka yi a Ingila da Amurka. Yana kwaikwayon sinadarin girma da tsiro ke yi wa kansa. Idan ya shiga jikin tsiro mai faɗin ganye, sai girman ya rikice, kara ya murɗe, ganye ya naɗe, hanyoyin ruwa da abinci su toshe, tsiron ya mutu a hankali. Dangin ciyawa masu siririn ganye, wato masara da dawa da gero da shinkafa da ƙiri-ƙiri, suna jure masa idan ba a wuce ƙima ba. Zaɓen nasa ke nan: faɗin ganye da siririn ganye. Bai san amfanin gona ba, bai san ciyawa ba. Wake da gyaɗa da waken suya da auduga da tumatir da kuɓewa duk a wurinsa ɗaya suke da tafasa.

Saboda haka aikin yana farawa ne da zagaya gona a ga abin da ya fito. Idan balasa ce da tafasa da kashin yawo da gogamasu da nonon kurciya suka yi yawa a cikin masara, 2,4-D zai yi aiki. Idan kuwa harƙiya ce da tuji da guɗe-guɗe da gyazama, fesa shi asarar kuɗi ce, domin su ma masu siririn ganye ne. A gonar masara irin waɗannan sai nikosalfuron, amma shi yana kashe dawa, don haka ba a kai shi gonar da aka haɗa masara da dawa. A shinkafa ana amfani da furofanil, sau da yawa a gauraye da 2,4-D a kwalba ɗaya. Shinkafa tana da wani sinadari a ganyenta da ke lalata furofanil kafin ya yi mata illa, ciyawar kuwa ba ta da isasshensa. Wasu magungunan ƙwari suna hana wannan sinadari aiki, shi ya sa ba a haɗa su da furofanil, kuma ana barin tazarar kamar mako biyu tsakanin feshin biyu, in ba haka ba shinkafar ta ƙone. Akwai kuma masu zaɓen da ke aiki akasin haka, irin su haloksifof, waɗanda ke kashe masu siririn ganye a gonar wake ko waken suya. Wanda ya ɗauko wannan ya fesa a masara ko a filin ƙwallo ya gama da su. Tofa da aya-aya, masu saiwa da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, ba sa mutuwa da feshi ɗaya na kowane iri a cikin waɗannan.

Gonar da aka yi wa haɗi, masara da wake ko dawa da gyaɗa, ba ta 2,4-D ba ce ko kaɗan. Haka nan wadda ake barin lalo da rama da tafasa su fito don miya.

Wajen saye, abin dubawa shi ne sunan sinadarin da ke ciki da ƙarfinsa, ba sunan kasuwa ba, domin sinadari ɗaya yakan zo da sunaye da yawa. Ana duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da hatimin marfi. Maganin da aka tsiyaya a gorar lemo ana sayarwa awo-awo ranar kasuwa ba shi da takarda, ba a san ƙarfinsa ba, ba a san abin da aka ƙara masa ba, kuma shi ne wanda yaro ke ɗauka ya kai baki. 2,4-D kansa iri biyu ne, amin da esta. Esta yana tashi kamar tururi idan rana ta yi zafi, ya bi iska zuwa gonar maƙwabci ko bayan an gama feshi, don haka amin ya fi dacewa da yanayin wannan yanki.

Awo shi ne inda aka fi yin kuskure. Takardar magani tana faɗin lita nawa ake zuba wa hekta ɗaya, amma mai feshi a gona abin da yake so ya sani shi ne nawa zai zuba a famfon feshi ɗaya. Tsakanin biyun akwai lissafin da ya danganta da bakin famfon da saurin tafiyar mutum, kuma ba ɗaya ba ne ga kowa. Ana fitar da shi kamar haka. A auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wato murabba'in mita 100. A zuba ruwa zalla a famfo, a san adadinsa, mai feshin ya fesa filin da irin tafiyar da ya saba da irin bugun da ya saba. Sai a auna ruwan da ya rage, a gane wanda ya tafi. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, don haka ana ninka abin da ya tafi sau 100. Idan lita 2 ce ta tafi, hekta za ta ci lita 200 ta ruwa, wato famfo 10 idan mai lita 20 ne, ko 12 da rabi idan mai lita 16 ne. To idan a misali takarda ta ce lita 2 ta magani a hekta, sai a raba: mililita 200 a kowane famfo mai lita 20, ko mililita 160 a mai lita 16. Gwajin ba ya cin rabin sa'a, kuma yana da kyau a maimaita shi sau biyu ko uku a ɗauki tsaka-tsaki.

Gwangwanin madara da aka saba awo da shi yana ɗaukar kusan mililita 150 ne. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi idan an san wannan, amma ƙa'idar “gwangwani ɗaya a famfo” da ake yaɗawa ga kowane magani ba ta da tushe. Kofin awo mai zane ya fi, ko babban sirinji da aka keɓe don wannan aiki. Ƙarin da wasu ke yi wai don magani ya yi ƙarfi shi ke rushe zaɓen: masara ta yi gautsi tana karyewa da iska, saiwoyin gindinta su manne, ganyen shinkafa ya naɗe kamar na albasa. Ragi kuma yana barin ciyawa ta yi laushi kwana kaɗan ta farfaɗo.

Lokaci yana da fuska biyu, na ciyawa da na shuka. Ciyawa ta fi mutuwa tana ƙarama, ganye biyu zuwa huɗu, tana cikin girma, ƙasa da danshi. Wannan yakan zo mako biyu zuwa uku bayan shuka. Wadda ta yi fure ko fari ya bushe mata ganye ba ta shan magani sosai. Masara kuwa ana fesa mata 2,4-D ta sama kafin ta wuce tsayin santimita 20. Idan ta wuce, sai a sunkuyar da bakin famfo tsakanin layuka don kada maganin ya zuba a cikin kwarkwaron ganyenta, kuma ba a fesawa daga lokacin da ta fara fure da gemu. Shinkafa ta fi jurewa lokacin da take yin 'ya'ya a gindi, kuma da zarar ta kusa ɗaukar ciki an rufe ƙofa. A rana kuma, safiya ce ta fi, bayan raɓa ta ɗan tsane kafin zafi ya taso. Maganin yana son sa'o'i huɗu zuwa shida ba ruwan sama, abin da ke da wuyar samu a watan Agusta, don haka idan hadari ya haɗu a gabas gara a ɗage.

Kafin a buɗe kwalba ake sa kaya, domin maganin da ba a surka ba shi ne mafi haɗari: riga mai dogon hannu, dogon wando a kan takalmin roba, safar hannu ta roba, tabarau mai rufe ido, da abin rufe hanci da baki. 2,4-D amin yana yi wa ido mummunar illa. Safar auduga ko ta fata tana shan magani ta riƙe shi a jikin fata, gara babu da ita. A gwada famfon da ruwa tukuna, domin mai yoyo yana jiƙa bayan mutum tun safe har azahar bai sani ba. Bakin famfo na feshin ciyawa shi ne mai baza ruwa a shimfiɗe da manyan ɗigo, ba mai hazo na feshin ƙwari ba.

Ana zuba ruwa mai tsabta zuwa rabin famfo ta cikin matacinsa, a zuba maganin da aka auna, a ɗauraye kofin a juye a ciki, a cika ruwa, a rufe, a girgiza. Ruwan kududdufi mai laka yana toshe baki. Ba a yin haɗin a bakin rijiya ko rafi, a ɗebo ruwan a tafi da shi nesa. Idan baki ya toshe, a cire shi a wanke da ruwa da tsinken ciyawa mai laushi. Ba a hura shi da baki, ba a soka masa allura, domin tana buɗa ramin ta ɓata lissafin da aka yi.

Wajen feshin, bakin famfo yana tafiya kamar rabin mita sama da ciyawa, tafiya ɗaya, bugu ɗaya, layi bayan layi, ba tare da kaɗa sanda dama da hagu ba. Inda aka tsaya, a saki maƙunnin, in ba haka ba wurin ya sha ninki biyu. Iska ita ce babbar matsala. A ɗebi ƙura a saki, a ga inda ta nufa. Idan tana tafiya wajen gonar wake ko lambun tumatir, ranar ba ta feshi ba ce, domin ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya murɗe ganyen tumatir da auduga, kuma ba a ganin alamar sai bayan kwanaki, daga nan kuma magana ta kai gaban mai unguwa. Ko iska ta kwanta, ana barin 'yan taku a bakin iyaka a nome su da fartanya. Mai feshi yana tafiya ta yadda iska ke ɗauke feshin daga jikinsa, kuma ba ya cin goro ko shan taba ko ruwa sai ya wanke hannu da sabulu.

A filin ƙwallo ko harabar gida ƙa'idar ɗaya ce, da ɗan ƙari. Ba a fesa wa sabuwar ciyawa sai ta kama ƙasa an yanke ta kamar sau uku. Ba a yanka kwana biyu ko uku kafin feshi, don ciyawar da ake so a kashe ta sami ganyen shan magani, haka ma bayansa. Ana nesa da furanni da ƙananan itatuwan mangwaro da gwaiba, a hana yara da awaki da kaji shiga sai ya bushe sarai. Ciyawar da aka yanke bayan feshi ba a zuba ta a gindin tumatir. Idan filin ƙarami ne kuma tsidau jefi-jefi ne, cire shi da hannu kafin ya yi ƙaya ya fi sauƙi da arha.

Kwalbar da ta ƙare ana ɗauraye ta sau uku, ruwan ɗaurayar ya koma famfo a fesa a gona, sannan a huda ta don kada ta koma ta man gyaɗa ko ta ruwan sha. Ragowar magani yana zama a kwalbarsa ta asali, a kulle, nesa da hatsi da ɗakin kwana. Famfon da ya ɗauki 2,4-D yana da wuyar wankuwa. A wanke shi da ruwan omo, a buga ta cikin tiyo da baki, a bar shi ya kwana da ruwan, a sake ɗaurayewa. Wanda ke da hali gara ya keɓe famfo guda don ciyawa kawai, domin gonakin wake da yawa sun naɗe ganye ne daga famfon haya da aka zo feshin ƙwari da shi. Kayan aiki ana wanke su daban da na iyali, mutum ya yi wanka kafin ya ci abinci. A sanar da makiyaya da masu yankan ciyawa da matan da ke tsinkar ganyen miya cewa an yi feshi, a kiyaye kwanakin da takarda ta ƙayyade kafin dabba ta shiga.

Idan magani ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Idan ya zuba a jiki, a tuɓe rigar a wanke da sabulu. Wanda ya sha ba a ba shi madara ko manja, ba a tilasta masa amai, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, don likita ya karanta abin da ke ciki.

Alamar aikin 2,4-D tana fara bayyana cikin kwana ɗaya zuwa uku, ciyawa ta sunkuya ta murɗe, amma mutuwarta takan kai mako biyu ko uku. Ganin ta kore a kwana na biyar ba dalilin sake feshi ba ne. Abin da ya tsira bayan wannan, musamman gyazama da tofa da ƙudujin da ke fitowa a makare, ana bin sa da fartanya ko hannu a lokacin maimai, kafin ya zubar da iri.