YADDA AKE KWANCE BOL NA MATATAR MAI IDAN KANSA YA GOGE

Wannan darasi an shirya shi ne domin masu tsofaffin babura da kuma yara masu koyon aikin makanikanci. Zai yi bayani a kan wata matsala wadda ƙarama ce a ido, amma ta sha jawo wa mutane asarar inji sukutum, wato cijewar bol ɗin da ke riƙe da matatar mai, wadda makanikai ke kira filta. Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne wannan: bol abu ne mai araha, ana iya sake shi, amma jikin injin da ya shiga ciki yana da tsada, kuma samunsa da wuya. Saboda haka a kowane mataki, bol za a sadaukar domin a tsirar da inji.

Inda matsalar take

Za mu ɗauki misali da babur ɗin Honda CB750, wanda aka fara sayarwa a shekarar 1969, da ƙannensa masu silinda huɗu, irin su CB500 da CB550 da CB400F. A waɗannan babura matatar mai tana gaban inji, bayan tayar gaba, tsakanin bututun salansa. Tana cikin wani kwano na alminiyam, kuma dogon bol guda ɗaya ne ya ratsa tsakiyar kwanon ya ɗaure shi a jikin inji. Bol ɗin yana da kauri, amma kansa ƙarami ne, milimita 12 kacal, ga shi gajere. Cikinsa kuma rami ne, akwai wani ɗan bawul da ke buɗe wa mai hanya idan matata ta toshe, don kada inji ya bushe.

Abubuwa uku ne ke sa kan bol ya goge. Na farko, ɗaurewa fiye da kima a lokacin juyen mai na baya. Na biyu, amfani da sufana mai buɗaɗɗen baki, wadda gefe biyu kaɗai take kamawa cikin shida. Na uku, amfani da sufanar inci a kan bol na milimita. Rabin inci daidai yake da milimita 12.7, saboda haka sufanar rabin inci za ta shiga kan bol ɗin, amma da saura, kuma wannan ɗan sauran shi ke cinye kusurwoyin.

A lura kuma cewa zaren wannan bol yana can ciki, kullum a cikin mai yake, don haka ba safai tsatsa ke kama shi ba. Abin da ke riƙe shi shi ne matsin faffaɗan wuyansa a kan kwano, da zoben roba da ya bushe, da lakar da tayar gaba ke watsowa. Wanda ya fahimci wannan ba zai ɓata yini yana zuba kananzir yana jiran ya kai ga zare ba.

Shiri kafin a fara

Ka kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a daɓe mai ƙarfi. Ka tayar da inji na ƴan mintoci har ya yi ɗumi, sa'an nan ka kashe.  Ka yi hankali da salansa, gama tana ƙuna. Ka juye tsohon mai a cikin kwano, ka ajiye wani kwanon a ƙarƙashin matata, domin akwai sauran mai a cikinta. Ka goge kan bol da burushin waya har ƙarfe ya fito fes.

Idan kana fuskantar kan bol, kwancewa ta hannun hagu ce, wato akasin tafiyar agogo. Mutum yana kwance a ƙasa yakan rikice ya riƙa ɗaurewa yana tsammani kwancewa yake yi.

Mataki na farko: soket mai kusurwa shida

Ka nemi soket mai lamba 12 wanda cikinsa ke da kusurwa shida. Mai kusurwa goma sha biyu ba zai yi ba, don tsinin kusurwoyi yake kamawa, su ne kuwa suka riga suka tafi. Bakin kowane soket yana da ɗan gangare. Idan ka goge bakin da magagari ko dutsen wuta har ya daidaita, zai zauna a kan bol har gindinsa. Ka sa shi, ka buga bayansa da guduma sau biyu ko uku a hankali, don girgiza ta saki wuyan bol. Sa'an nan ka danna da hannu ɗaya, ka ja da ɗayan, ja mai nauyi ba tare da fizga ba. Da ka ji ya fara zamewa, ka tsaya. Kowane zamewa yana rage abin da mataki na gaba zai kama.

Mataki na biyu: a sake wa kan bol siffa

Idan lamba 12 ta ƙi kamawa, ka ɗauki soket mai lamba 11, ko na inci mai 7/16, wanda yake milimita 11.1. Ka rage gefunan bol da magagari kaɗan, ka ɗora soket, ka kora shi da guduma har ya cije. Akwai kuma soket na musamman da ake sayarwa, mai murɗaɗɗun haƙora a ciki, wanda ke ƙara cizo yayin da ake kwancewa. In babu ko ɗaya, ka gyara gefe biyu masu fuskantar juna su zama shafaffu, ka kama da filaya mai kulle, ka matse iyakar ƙarfinka.

Kada ka yi ƙoƙarin juya kwanon matatar da kansa don bol ya biyo shi. A yawancin waɗannan babura akwai ɗan tudu a jikin kwano da ke hana shi juyawa, in aka tilasta sai ya karye, ko ya tsage jikin inji.

Mataki na uku: cizal da guduma

Daga nan bol ya riga ya zama na zubarwa. Ka ɗora bakin cizal mai kaifi a gefen faffaɗan wuyan bol, ka buga a miƙe don ka yi masa gurbi. Sa'an nan ka karkata cizal ta yadda bugu zai tura wuyan zuwa hannun hagu. Ka yi ta bugu gajere-gajere. Wuyan ya fi kan faɗi, saboda haka bugu a nan ya fi tasiri. Ka kula kada cizal ya kufce ya sari kwano, domin alminiyam ba ya jure sara, kuma tabo a wurin zaman roba yoyo ne na har abada.

Mataki na huɗu: walda

Idan duk wannan bai yi ba, sai a je wurin mai walda. Zai ɗora babban noti, kamar mai lamba 17 ko 19, a kan ragowar bol, ya cika cikinsa da walda. Zafin kansa yana taimakawa wajen sakin bol. Amma kafin a kunna wuta, wajibi ne a cire tankin fetur a kai shi nesa, a tsiyaye fetur ɗin da ke cikin kafireto, a cire wayoyin batir, a share duk man da ya zuba. A maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aiki, a kuma ajiye bokitin yashi a gefe. A bari noti ya huce kafin a ja shi.

Mataki na ƙarshe: cire kan bol

Dabarar ƙarshe ita ce a cinye kan bol da wuyansa, da dutsen wuta ko na'urar huda ƙarfe, sannu a hankali, har kwano ya saki. Da zarar wuyan ya tafi, matsi ya ƙare, kwano zai zare, ragowar bol kuma sau da yawa da filaya ko ma da hannu ake kwance ta. A wanke kwano da kananzir sosai, a goge bakin inji, don ko ƙwayar garin ƙarfe guda in ta bi mai tana iya cin inji.

Mayarwa

Kada a mayar da tsohon bol, kuma kada a sa wani dogon bol na kasuwa a madadinsa, gama ba shi da ramukan mai da bawul. A sayi irin nasa. Akwai waɗanda ake ƙerawa da kai mai lamba 17, sun fi daɗin kamawa, sai dai suna ruɗin mutum ya ɗaure fiye da kima.

A cikin kwano akwai sifirin da washa kafin matata. Washar takan manne a jikin tsohuwar matata a zubar da su tare. A duba kafin a yar. A sa sababbin zobban roba guda biyu, babba na bakin kwano da ƙarami na jikin bol, a shafa musu mai. A fara ɗaura bol da yatsu don a tabbata ya hau zare daidai. Ɗaurin da ake bukata bai wuce kimanin kilogiram-mita 3 ba, wato kamar nauyin kilo 15 a ƙarshen sufana mai tsawon santimita 20. Roba ce ke hana yoyo, ƙarin ɗauri ba ya ƙara mata komai. Bayan an zuba mai gwargwadon yadda littafin babur ya faɗa, a tayar da inji, a ga fitilar mai ta mutu, a duba ko akwai ɗiga.

Masu ƙananan babura irin Honda CG125 su ma darasin ya shafe su. Murfin da ke rufe rariyar mai a ƙasan injinsu na alminiyam ne, kuma sufanar da ba ta dace ba tana goge shi nan da nan.

Daga ƙarshe, baƙin man da aka juye kada a zuba shi a kwata, ko kusa da rijiya, ko a gona, domin yana gurɓata ruwan sha. A tara shi a galan mai murfi a kai wa masu karɓa. Ubangidan gareji kuma ya koya wa yaransa tun ranar farko su duba lambar sufana kafin su ɗora ta a kan bol.