Ƙwallo babu ƴan kallo

Zongo tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Yamai. Tun da can nan ne masaukin baƙi da fatake, shi ya sa aka ba ta wannan suna. Yaran Zongo suna son ƙwallon ƙafa ƙwarai. Da la'asar sukan aje duwatsu biyu cikin lungu, su ce ga raga. Amma babbar ranarsu ita ce ranar da ake wasa a filin Janar Saini Kunce, wanda mutanen Yamai suke kira sitad. Daga Zongo zuwa can babu nisa, ana zuwa da ƙafa.

An buɗe wannan fili a shekarar 1989. Yana ɗaukar mutum wajen 35.000. Nan ne gidan Mena, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, wadda ta ci sunan wata babbar barewa ta dajin arewa. Ranar wasa, tun rana na tsaka mutane suke cika bakin ƙofa. Ga makaɗa, ga masu tuta, ga masu busa ƙaho. Ga kuma masu neman abinci: mai ruwan leda, mai gyaɗa, mai rake, mai tsire, mai gadin babura, da direban taksi. In Mena ta ci, wanda yake nesa da fili ma yana jin ihu.

A watan Maris na shekarar 2020 wannan ihu ya ɗauke.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen shekarar 2019 wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ana kiranta korona, likitoci kuma suna ce mata COVID-19. Tana kawo zazzaɓi da tari, wani lokaci ta hana mutum numfashi, musamman tsofaffi da masu wata cuta a jiki. Cikin wata uku ta game duniya. Ranar 11 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annoba.

Ranar 17 ga Maris shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi jawabi. Aka rufe iyakoki, da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. Aka rufe makarantu. Aka hana taron da ya wuce mutum 50. Kwana biyu bayan haka, ranar 19 ga wata, aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar. Kafin watan ya ƙare an kafa wa Yamai dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. To, inda aka hana taron mutum 50, ina maganar 35.000? Wasa ya tsaya cak.

Me ya sa filin wasa yake da haɗari a lokacin annoba? Ƙwayar korona ƙarama ce, ido ba ya ganinta. Tana zaune cikin hanci da maƙogwaro. Idan mai ɗauke da ita ya yi tari, ko atishawa, ko magana, sai ta fito cikin ɗigon yawu da numfashi, na kusa da shi ya shaƙa. Mai magana a hankali yana fitar da kaɗan. Mai ihu da mai waƙa suna fitar da yawa, kuma suna aika shi nesa. Ɗan kallo kuwa ba ya zuwa sitad don ya yi shiru. Ihu shi ne gudummawarsa. Yana zaune kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba har awa biyu. In an ci ƙwallo ya rungume shi. Wajen shiga a yi turereniya a ƙofa, wajen fita ma haka.

Akwai abin da ya fi wannan wuya. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar, bai ji ciwon komi ba, alhali yana ba wasu. Mai gadin ƙofa yana iya tare mai zazzaɓi, amma ba shi da hanyar gane wannan. Da an tashi wasa kuma, taro ya watse. Wannan ya nufi Zongo, wancan Bukoki, wani Yantala, wani ya haye gada zuwa Harobanda. Kowa ya shiga gida, inda kakarsa take jiransa da tuwo.

An ga misalin haka a ƙasar Italiya. Ranar 19 ga Fabrairu 2020 ƙungiyar Atalanta ta garin Bergamo ta kara da Valencia ta Ispaniya a birnin Milan. Mutanen Bergamo wajen 40.000 suka je kallo. Ƙungiyarsu ta ci 4 da 1, aka kwana ana murna. Bayan ƴan makonni asibitocin Bergamo suka cika da marasa lafiya, mutane da yawa suka mutu. Likitocin garin suna ganin wannan wasa yana cikin abubuwan da suka hura wutar annobar. Wasu ƙasashe sun ji labari, suka rufe ƙofofinsu tun da wuri.

A Nijar, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ta soke gasar kakar 2019-2020 gaba ɗaya. Ba a ba kowa kofi ba. An ɗage dokar hana fita ranar 13 ga Mayu, ƴan makaranta suka koma aji ranar 1 ga Yuni, amma ƙwallo ya daɗe bai komo yadda yake ba. Da wasannin Afirka suka sake farawa, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ce a yi su ƙofa a rufe, sai fa in ƙasa ta nemi izini ta shigar da mutane kaɗan. Kafin kowane wasa kuma sai an auna ƴan wasa. Wanda aka samu da ƙwayar ba ya bugawa, ko da shi ne gwanin ƙungiya. A cikin wannan hali Mena ta karɓi Habasha a Yamai ranar 13 ga Nuwamba 2020, ta ci 1 da 0. Yawancin masoyanta a rediyo suka ji, ko suka gani a tele.

Wasa babu ƴan kallo abin mamaki ne. Ana jin ƙarar ƙwallo in an buga. Ana jin muryar mai horaswa, da usur ɗin alƙali, har da gardamar ƴan wasa. A ƙasar Jamus, inda aka koma wasa ranar 16 ga Mayu 2020 cikin filaye fayau, an lura masu gida sun rage cin baƙi kamar da. Ashe ihun nan yana ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, yana kuma razana baƙo. Wasu gidajen tele har sun riƙa sa tsohon ihu da aka ɗauka a faifai, don kada mai kallo ya yi barci.

Su wa suka fi jin jiki? Ba manyan ƴan wasan Turai ba. Ƙungiya ta rasa kuɗin ƙofa, gaskiya ne. Amma mai ruwan leda da mai gyaɗa sun fi ta shan wuya, don su ba su da ajiya. Abin da suka samu yau, shi za a ci gobe. Doka ta kare lafiyarsu, amma ba ta cika musu tukunya ba. Saboda haka wanda ya yi gunaguni a lokacin ba lalle ne wawa ba.

Akwai kuma wani kuskure da mutane da yawa suka yi, a Yamai da sauran birane. An hana su sitad, sai suka cunkushe a ɗakin kallo. Ɗaki ƙarami, taga a rufe don kada haske ya ɓata hoto, mutum bisa mutum, kowa yana ihu. Wannan ya fi sitad muni. A fili iska tana kwashe numfashi ta watsa shi. A ɗaki rufaffe kuwa, numfashin yana nan yana zagayawa. Waɗanda suka fito da tele tsakar gida, suka zauna nesa da juna, da ƙyalle a baki da hanci, su ne suka fahimci dalilin dokar.

Ba a buɗe ƙofofi rana ɗaya ba. A watan Janairu 2021 Mena ta je Kamaru gasar CHAN, ta ƴan wasan da suke bugawa a gida. A zagayen farko kujera ɗaya cikin huɗu aka yarda a zauna. A watan Maris na shekarar aka fara allurar rigakafi a Nijar. Ranar 23 ga Yuli 2021 aka buɗe wasannin Olimpik a Tokyo, babban birnin Japan. Abdul Razak Isufu Alfaga, gwanin taekwondo wanda ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga Rio a 2016, yana cikin masu riƙe tutar ƙasa. Ya shiga da ita fili mai kujera wajen 68.000, kusan duka babu kowa. A gasar kofin Afirka ta Kamaru kuwa, daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu 2022, sai mai takardar rigakafi da takardar awo aka ce ya shiga. An yarda a cika kashi 80 cikin 100 na kujeru in Kamaru ce take wasa, kashi 60 in wasu ne. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya, ko da yake ƙwayar ba ta ɓace ba.

Kalmomi

Annoba: cutar da take kama mutane da yawa a lokaci ɗaya. Da Faransanci, épidémie. In ta game duniya, pandémie.
Ƙofa a rufe: wasan da ba a bari ƴan kallo su shiga ba. Da Faransanci, huis clos.
Rigakafi: maganin da ake yi kafin cuta ta zo.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ihu ya fi mai magana a hankali yaɗa ƙwayar korona?
2. Don me mai gadin ƙofa ba zai iya gane duk mai ɗauke da cutar ba?
3. Tsakanin sitad da ɗakin kallo rufaffe, wanne ya fi haɗari? Ku ba da dalili.
4. Lissafi: in an ce kujera ɗaya cikin huɗu za a zauna a filin Saini Kunce, mutum nawa za su shiga? Nawa za su rage a waje?
5. Ku tambayi wani babba a gidanku yadda sana'arsa ta kasance a watan Afrilu 2020. Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar, ku karanta wa aji.