Kafin Uba Ya Miƙa wa Ɗansa Bindiga

Duk wanda zai yi wa mutumin Wurma da ke ƙaramar hukumar Kurfi magana a kan bindiga, sai ya fara da tuna abin da garin ya gani. A ƙarshen watan Agusta na 2019 ɓarayin daji suka shiga garin cikin dare, suka kwashi dukiya, suka kora mutane da yawa zuwa daji, mafi yawansu mata, kuma ba daga ranar aka rabu da ɓarayin ba. Daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, zuwa Safana da Batsari da ke bakin dajin Rugu, an daɗe ana kwana da ido ɗaya. Saboda haka ban zo in ce wa kowa bai san zafin da ya sa ya nemi makami ba. Maganata ta fi wannan ƙanƙanta, kuma aikina na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne ya ɗora mini faɗinta. Akwai wata shawara da ake ba iyaye a majalisa idan ɗansu ɗan shekara 15 ko 16 ya karaya, ya faɗi jarrabawa, ko an kashe abokinsa, ko gonar da yake taya nomawa ta gagari zuwa, ya koma zaman ɗaki ba ya magana da kowa. Sai a ce wa uban: saya masa bindiga ko da ta toka ce, ya riƙa fita sintiri da samari, zai ji shi ma namiji ne, zuciyarsa za ta dawo. Niyyar mai kyau ce. Amma a duk samarin gari, wannan yaron shi ne na ƙarshe da ya kamata bindiga ta shiga hannunsa.

Abin da iyaye suke kira karaya, ko mutuwar zuciya, ko lalaci, sau da yawa ciwo ne mai suna a asibiti, wato ciwon tsananin damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma wannan lissafi ne na duniya baki ɗaya, har da garuruwan da ba su taɓa jin ƙarar harbi ba. A wurin saurayi ciwon ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Yana zuwa da fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, da daina fita ƙwallo, da ture kwano, da kwana ido biyu sannan a yi barci har azahar, da ciwon kai ko ciwon jiki da gwaji ba ya nuna komai. Yakan ce ya gaji, ko ya ce da bai zo duniya ba da ya fi, sai uwa ta ce ya daina saɓo, magana ta mutu a nan. Yaron da ya taɓa gudu cikin dawa da dare yana jin ihun ƙannensa kuwa, wani ciwon ne ke hawa kan wannan: firgita da ƙaramin motsi, mafarkin abin da ya faru, da zargin kansa cewa bai kare kowa ba.

Ga inda bindiga ta bambanta da sauran kyaututtuka. Tunanin kashe kai a wurin matashi yawanci ba shiri ne na watanni ba. Yana tasowa ne da ƙarfi bayan faɗa, ko kunya a gaban jama'a, ko budurwa ta juya baya, sannan ya lafa. A wani bincike da aka buga a 2001, an tambayi mutanen da suka tsira da ƙyar daga yunƙurin kashe kansu a birnin Houston na Amurka, masu shekara 13 zuwa 34, sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti biyar ba. A cikin wannan ɗan lokaci, abin da ke kusa da hannu shi ke yanke hukunci. Wanda ya juya bindiga kan kansa, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Sauran hanyoyin da yawa suna barin gurbin da mutum zai yi nadama, ya kira uwarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kuma waɗanda aka ceto, kusan tara cikin goma ba sa mutuwa ta hanyar kashe kai daga baya. Suna girma, su yi aure, su haifi 'ya'ya. Uban da ya rataye bindiga a ɗakin yaro mai damuwa, wannan gurbin ya toshe.

Za a ce wanda ya yi niyya, ko an ɓoye bindiga zai nemi wata hanya. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi ya ƙi ta a ƙasashen da babu abin da ya haɗa su. A 2006 rundunar sojin Isra'ila ta hana ƙananan sojojinta tafiya gida da bindigoginsu a hutun ƙarshen mako, sai kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, ko me mutum yake ji game da wannan runduna. Sri Lanka, ƙasar manoma kamar mu, ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, sai yawan masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Mutanen ba su daina shiga ƙunci ba, abin da ke kashewa nan take ne ya yi musu nisa. Wannan tunanin ne ya sa hukumar NAFDAC a 2019 ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari da matasa suka riƙa sha a Najeriya.

Wani zai ce ai wannan halin Turawa ne, ɗan Musulmi ya san kashe kai haramun ne. Ya sani, kuma imani kariya ce ta gaske, muna ganin amfaninsa a wurin majinyata. Sai dai ciwon damuwa yana taɓa wurin da mutum yake auna abubuwa ne, har ya gamsu cewa shi nauyi ne a kan iyayensa. Rashin jin labarin kashe kai a garuruwanmu kuma ba shaida ba ce ta rashin faruwarsa. Sashe na 231 na dokar Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ga abin kunya, ga tsoron a yi gardamar sallar gawa, saboda haka iyali suka fi so a ce kuskure ne, yana goge bindiga ta tashi. Akwai wasu labarai daga Amurka, kuma abin da ya sa suka shafe mu shi ne iyayen sun yi irin lissafin da ake yi a majalisunmu. A 1998 a jihar Oregon, Kip Kinkel, ɗan shekara 15 da aka taɓa yi wa maganin ciwon damuwa, ya kashe uwarsa da ubansa da ɗalibai biyu. Uban ne ya saya masa bindigogi, da fatan abin zai kusantar da su. A Nuwamban 2021 a jihar Michigan, wani uba ya saya wa ɗansa Ethan Crumbley ƙaramar bindiga a matsayin kyautar Kirsimeti, bayan kwana huɗu yaron ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu, kuma a 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban shekara 10 zuwa 15. Likitan ƙwaƙwalwa M. Scott Peck ya kawo a littafinsa na 1983 labarin yaron da iyayensa suka ba shi bindigar da yayansa ya kashe kansa da ita, suna ganin ai kyauta ce mai kyau. Darasin da ke ciki shi ne kyauta tana magana, kuma mai ciwon damuwa yana fassara ta da mafi munin ma'ana. Uba yana nufin na yarda da kai. Yaro yana iya jin ga hanya nan.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba zan yi mata wasa ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, da bakinsa ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Oktoban 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, Community Watch Corps, a watan da aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Wanda ya tuna ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba zai ce matasa ba sa cikin haɗari ba. To amma ko an yarda cewa gari yana bukatar masu riƙe da bindiga, tambayar hannun wa za ta shiga tana nan. Ita kanta rundunar jihar sai da aka tantance, aka horar, aka sa shugabanni. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da wanda hankalinsa ba a kwance yake ba, da mai shaye-shaye, kuma ko bindigar toka tana ƙarƙashin wannan doka. Masu kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ranar Uhudu yana da shekara 14 ya kuma karɓe shi ranar Khandaƙ yana da 15, su lura cewa shugaba ne ya duba shi ya yanke hukunci, cikin sahu da umarni ya shiga, kuma ba don a warkar masa da baƙin ciki aka ba shi makami ba. Mai gadin dare yana bukatar barci isasshe, da haƙuri, da iya tsayar da yatsa daga kunama har sai ya tabbatar wane ne ke tahowa. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ciwon damuwa da firgita suke cinyewa. Yaron da kowane motsi ke zabura shi, maƙwabcin da ya fito kama ruwa zai harba kafin ya ga ɓarawo. Wanda aka kashe wa aboki kuma yana ɗauke da fansa, kuma kowa a yankin nan ya san yadda harbin makiyayin da bai ji ba bai gani ba a hanyar kasuwa yake jawo wa gari gaba ɗaya ramuwa. Ƙara a kan haka taramol da sauran ƙwayoyin da wasu ke sha don kore barci da tsoro a wurin sintiri. Mai damuwa shi ya fi saurin kamuwa da su, domin suna ɗauke masa nauyin zuciya na 'yan sa'o'i.

Gidajen maharba za su ce su da bindiga aka haife su. Gaskiya ne, amma su ma ba haka suke yi ba. Ɗan maharbi yana shekaru yana bin ubansa yana ɗaukar jaka, yana koyon sawu da iska, kafin a bar shi ya ɗura albarushi, kuma tsohon maharbi yana kallon halin yaro fiye da ƙarfinsa. Mai zafin zuciya ba a gaggauta sakar masa. Al'adar ma tana gefena.

Abin da uban yake son bayarwa a gaskiya shi ne amana, ya nuna wa ɗansa cewa yana da amfani. Wannan daidai ne, kuma yana cikin maganin da mu ma muke rubutawa: a mayar da yaro cikin aiki da mutane, a hankali. Tunkiya biyu da za su zama nasa ya yi kiwo har Sallah, ko fegi a noman rani ta wajen dam ɗin Zobe, ko a kai shi wurin mai gyaran babur ko waya a Dutsin-Ma, ko a sake biya masa kuɗin jarrabawa ba tare da gori ba. Ko a harkar tsaron ma akwai aikin da ba na harbi ba, kamar kai saƙo da rana da kula da cajin wayoyi da fitilun masu sintiri.

Idan kuwa akwai bindiga a gidan tun asali, kuma yaro ya nuna alamun da na ambata, abu mafi aminci shi ne ta bar gidan na ɗan lokaci, a kai ta wurin ɗan'uwa amintacce ko shugaban 'yan sintiri. In hakan ba zai yiwu ba saboda halin dare, to kada a aje ta a ɗure, a kulle ta, harsashi ko albarushi ya zauna wani wuri dabam, makulli a jikin maigida. Rataye ta a bayan ƙyaure ko tura ta ƙarƙashin katifa ba ɓoyewa ba ne, yara sun fi kowa sanin lungunan gidansu. Maganin feshi na gona ma a kulle shi haka nan. Sannan uba, ko kawu, ko duk wanda yaron ya fi sakin jiki da shi, ya zaunar da shi su biyu ya tambaye shi kai tsaye: Ɗana, ka taɓa jin gara ka mutu? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu? Iyaye suna tsoron tambayar za ta shuka masa tunanin, amma bincike ya nuna ba ta yin haka, yawanci sauƙi take kawowa. In ya ce e, ba lokacin wa'azi ko faɗa ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai a daren, kuma da safe a kai shi babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma a faɗa wa likita maganar kamar yadda yaron ya faɗe ta, domin a tura shi sashen ƙwaƙwalwa a Katsina in da bukata. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana wannan tafiya, ana haɗa su. In an ba shi magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji sosai, kuma makonnin farko, lokacin da ƙarfin jiki ya fara dawowa amma zuciya ba ta gama washewa ba, su ne aka fi bukatar sa ido da nisanta makamin.